Fushin da ake yi da taurari, da wanda ke kwashe ribarshi

Duk mai zama fada nan Tawa ya san hirar taurari ta canza salo. Shekaru goma baya in anka kawo zancen ɗan fim na Kano ko wani mawaƙi, gardamar ba ta wuce wa ya fi wani murya, wa ya iya kuka gaban kamara. Yanzu ko da ka ambaci sunan mutum sai tsaki ya biyo baya, wanga ya ce maroƙin ƴan siyasa ne, wancan ya ce tallar caca yake yi ma yara, wani ya ce shi ya daɗe da yi mai bloke. Ni dai ina ganin fushin nan na da gaskiya cikinshi, kuma ba ƴar kaɗan ba. Abin da ke damuna shi ne kan wa yake sauka, kuma aljihun wa yake cikawa.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta kulle duniya, ƴar fim Gal Gadot ta haɗa wasu taurarin Amurka kowa ya rera layin waƙa daga gidanshi, wai a kwantar ma mutane da hankali. Mutanen da sunka rasa aiki, ga haya na jiransu, sunka kalli waɗanga masu kuɗi cikin manyan gidajensu suna ba su haƙuri da waƙa, abin ya zo masu kamar cin fuska. Sai kuma ran 6 ga Mayu 2024 da anka yi bikin nuna tufafi na Met Gala a New York, tikitin mutum guda dala 75,000, wato sama da miliyan 45 na sefa, kuma ranar ce Isra'ila ta ce mutanen gabashin Rafah su tashi su bar wurin. Kana jan allon portabul ka ga rigar da mutane ke ɗauke ma wata bindinta, ka sake ja ka ga uba rungume da gawar ɗanshi. Daga nan anka fara kamfen ɗin Blockout 2024, ana yaɗa jerin sunayen taurarin da sunka yi shiru kan Gaza, irin su Kim Kardashian da Taylor Swift, ana cewa kowa ya toshe su don kuɗin tallarsu ya ragu.

Da can tsakanin tauraro da talaka akwai katanga. Ka ganshi a tele, ka ganshi a fosta, shi ke nan, sauran kuma kai ne za ka ƙawata shi cikin ranka. Instagram da TikTok sunka rushe katangar, tauraron da kanshi ya buɗe ma falonshi da garejinshi da abin da ya ci da safe, ya riƙa ce ma ɗan uwa, ya riƙa cewa ku ne ni. To wanda ya ce ma ɗan uwa ai ka samu damar tambayarshi ina yake ranar da abu ya same ka. Taurari sun so ribar kusanci amma ba su shirya ma haƙƙin da ke tare da ita ba.

Sai zancen yaudara, wanda shi ne ya fi cin amana. A Oktoba 2022 hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka ta sa Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 don ta tallata wani kuɗin kirifto ba ta faɗi cewa dala 250,000 anka biya ta ba. Wata guda bayan haka kamfanin kirifto na FTX ya rushe da kuɗin mutane, alhali manyan ƴan wasa irin su Tom Brady ne sunka yi mai talla. Hushpuppi na Najeriya, wanda samarinmu da yawa sunka riƙa kallon motocinshi da jiragenshi a Instagram suna cewa Allah ya ba mu, an kama shi a Dubai a Yuni 2020, a Nuwamba 2022 kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da ƴan watanni kan halasta kuɗin damfara. A Faransa abin ya kai mawaƙin rap Booba ya buɗe yaƙi da masu tallar ƙarya a intanet, har majalisa ta yi doka a Yuni 2023, dole mai talla ya rubuta cewa talla ce, an hana tallar tiyatar gyaran jiki, an taƙaita ta caca da kirifto. Mu nan duk wanda ya taɓa sayen man shafawa ko maganin ƙiba ko na basir don wata mai abone dubu ɗari ta rantse da Allah ita ma shi take sha, ko ya ga ƙanenshi ya zuba kuɗin jarinshi a caca da kod promo na wani ɗan barkwanci, ba ya buƙatar a yi mai dogon bayani.

Amma don mu gane mi ya karye, sai mun tuna yadda suna ke samuwa a ƙasar nan da. A nan Tawa anka fara kokowar Takobi a 1975, Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauka. Ɗan kokowa ba ya yin suna a ɓoye, gaban dubban mutane zai shiga fili da rana tsaka, ko ya kada ko a kada shi, kowa ya gani da idonshi. Shi ya sa Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki Takobi sau da yawa, ko wanda ba ya goyon bayanshi ba zai ce ma bai iya ba. Haka makaɗa. Ɗan Gurmu, wanda anka sa ma gasar waƙar zamani ta ƙasa sunanshi, bakin jama'a ne ya ɗaga shi. Kuma makaɗi na da unguwa, an san gidan ubanshi, ana ganinshi wurin suna da jana'iza, in ya samu an san zai raba, in ya wuce gona da iri akwai dattijon da zai aika a kira shi. Suna jama'a ke ba ka aro, kuma su ke karɓe abinsu. Ban ce zamanin ba shi da aibu ba, roƙo da bambaɗanci da zuga mai kuɗi duk tsofaffin abubuwa ne, kuma wanda Tele Sahel da Muryar Sahel ba su so ba, da wuya a ji shi.

Waya ce ta ɓalle wagga ƙofa, kuma farkon abin alheri ne. Mdou Moctar, ɗan yankin Azawak na jiharmu, ya naɗi waƙoƙinshi na farko a Sakkwato a 2008, babu kamfani babu rediyo, ta bulutut da kart memwar sunka bi hannu hannu har Mali, yau ga shi yana zagaya Amurka da Turai da gita. A lokacin mutum ne ke tura ma mutum, kuma ba ka tura ma abokinka abin da ba ka so.

Yanzu ba abokinka ke zaɓa ba. Shafin farko na TikTok ba ya dogara da wanda ka bi, na'ura ce ke lissafi: daƙiƙa nawa ka tsaya, ka maimaita, ka shiga komanter, ka partaje. Na'urar nan kamar mai awo ne a kasuwar Lahadi wanda tiya kawai yake ƙirgawa, hatsi ne ciki ko tsakuwa ba ruwanshi. Wanda ya rubuta Allah ya ƙara basira da wanda ya rubuta Allah ya tsine, duk komanter guda guda ne, asali ma mai tsinuwar ya fi daɗewa a wurin, ya fi dawowa ya ga an ba shi amsa, ya fi tura bidiyon gurup ɗin WhatsApp na dangi da rubutun ku duba abin da duniya ta zama. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamun motsin rai, har da fuskar fushi, nauyi ninki biyar na laik, sai daga baya sunka rage. Ma'ana abin da ya ɓata ma rai shi anka fi turo ma, kuma shi anka fi tura ma maƙwabcinka.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi. Tsarin da TikTok ke biyan mutum kuɗi kan yawan kallo yana aiki ne a wasu ƙasashe ƙalilan irin su Amurka da Faransa da Ingila, mai asusun Nijar ba ya ciki. To yarinya ko yaron da ya tara mutane a Tawa ko Yamai ko Maradi ta ina zai ci? Ta layif, inda ake jefo kyauta, fure ko zaki, wanda kuɗi ne na gaske kuma kamfanin ke yanke kaso mai tsoka kafin saura ya iso, sai kuma talla, ta mai, ta kayan mata, ta boka, ta caca. Layif ɗin da ake zaune lafiya ana hira mai ma'ana ba ya tara mutane kamar wanda mutum biyu ke zage-zagen iyaye. Shi ya sa za ka ga faɗa ya tashi yau, jibi an shirya, gata an buɗe sabo da wani. Buz ɗin shi ne sana'ar, mu kuma da forfe ɗinmu na jikka ɗaya da munka saya da ƙyar muke biyan kuɗin shiga.

Har ƙyamar ma ta zama hanyar yin suna. Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya tashi a Italiya, ya rasa aikinshi na masana'anta a Maris 2020, ya fara bidiyo ba ya cewa uffan, kawai yana nuna wautar bidiyoyin da ke wahalar da abu mai sauƙi, a Yuni 2022 ya zama wanda ya fi kowa mabiya a TikTok duk duniya. Shi aƙalla bai zagi kowa ba. Amma dubi namu, akwai shafukan da ba su da wani aiki sai jiran wata ta yi kuskure su yanko bidiyonta su ɗora fuskarsu a gefe suna salati, su ma abone suke nema, su ma talla suke karɓa. Kuma zan faɗa da girmamawa, har cikin masu wa'azi akwai waɗanda karatunsu na fiƙihu ba ya samun kallo sai ranar da sunka kama sunan wata ƴar TikTok. Wanda bai taɓa jin sunanta ba, ranar zai tahi ya nemo ta.

Fushin namu kuma ba iri ɗaya ba ne, ko da yake baki ɗaya ake furta shi. Akwai na yunwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO ta sa takunkumi, iyakar Ƙonni ta rufe, Najeriya ta yanke kuran, shinkafa da mai da magani sunka yi tsada, mutum na zaune cikin duhu da sauran caji kaɗan yana kallon wani na liƙa kuɗi a biki har ana tattakawa. Wanga ba hassada ba ce kamar yadda taurarin ke saurin cewa, duk wanda ya yi magana a ce mai ɗan baƙin ciki. Tarbiyyarmu ta ce in ka dafa abin da ƙamshinshi ya shiga gidan maƙwabci ka zuba mai, in ba za ka zuba ba ka rufe tukunyarka. Nuna arziki gaban mai jin yunwa rashin kunya ne tun kafin a ƙirƙiro intanet.

Akwai na addini da tarbiyya, shi kuma ya girmi TikTok nesa ba kusa ba. A Nuwamba 2000, da mai zanen tufafi Alphadi ya kawo bikin nuna tufafi na FIMA Yamai, ƙungiyoyin addini sun fito zanga-zanga har rikici ya kai Maradi. A Kano an kafa hukumar tace finafinai a 2001, a 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito ciki tana rungumar mawaƙin, a shekarar ne kuma gwamnatin Buhari ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kano bayan malamai sun yi ca. A Yuli 2023 Davido ya ɗora bidiyon wani mawaƙi da ke ƙarƙashinshi inda masu fararen kaya ke sallah sannan su ɓarke da rawa gaban masallaci, musulmi sunka taso har ya goge. Wanga na ƙarshe ni ma ya ɓata min rai, kuma ina ganin matsin da anka yi daidai ne, don an nemi abu guda takamaimai daga mutum mai ƙarfi kuma an samu.

Akwai na siyasa. Dauda Kahutu Rarara ya yi ma Buhari waƙa shekara da shekaru, ya koma Tinubu, an kai hari gidanshi a Kano bayan zaɓen gwamna na Maris 2023, a Yuli 2024 kuma matasa sunka yi ta kai ƙarar shafinshi na Facebook har anka rufe shi, lokacin tsadar rayuwa ta kai ma mutane iya wuya. Ƙona gidan mutum laifi ne, babu wani uzuri. Amma saƙon da ke cikin rufe shafin a fili yake, muryar da jama'a sunka ɗaga an kai ta an sayar ma wanda ke gallaza masu. Mu ma nan mun san mawaƙan da kowace gwamnati ta zo da waƙarta a bakinsu. Sannan tun 2023 wani sabon launi ya shigo, na kishin ƙasa, an dakatar da RFI da France 24 a Agusta na shekarar, a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, matasa da yawa sun fara kallon kayan nishaɗin Turawa a matsayin wani reshe na mulkin mallaka. Ina fahimtar wanga sosai, sai dai manhajar da muke faɗin haka a kanta ta kamfanin ByteDance na Sin ce ko ta Meta na Amurka, kuma ko sisi na tallar da anka saka tsakanin bidiyoyinmu ba ya zama Tawa.

Inda abin ya fi ci min rai shi ne wanda ake samu a daka. Taylor Swift ba ta san an yi ba, bayan ƴan makonni kamfen ɗin toshewa ya lafa, masu ɗaruruwan miliyoyin mabiya sunka ci gaba da harkarsu. Kamfanin caca ba ya zuwa komisariya. Mai haɗa man da ke ƙona fatar mata ba a san fuskarshi ba. Mazan da ke raba dare suna jefa kyauta a layif suna cewa tashi ki juya, wasunsu magidanta ne, wasu ƴan bida ne da ke Abijan ko Libiya da kewar gida ke ci, babu mai yanko bidiyonsu. Wadda ake samu ita ce yarinya ƴar shekara sha tara da ta bar lakkwal, ko bazawarar da miji ya sako da ɗiya biyu ba ko dala, ita ce za a bi da hotonta gurup gurup, a nemo sunan unguwarsu, a kira babanta. An bar jaki ana dukan taiki. Ko a rikicin ƴar TikTok Murja Kunya da Hisbar Kano a farkon 2024, wanda ya kai shugaban Hisbar, Sheikh Aminu Daurawa, ya ajiye muƙami na ƴan kwanaki kafin ya dawo, duk ƙasar Hausa sunan mace guda ta riƙe, ba a ji an tambayi su wa ke biya ba. Ba ina wanke abin da wasunsu ke yi ba ne, akwai abin da in ka gani sai ka kau da kai, kuma ina da ƙanne mata, ban so su gani balle su kwaikwaya. Amma wadda anka tozarta gaban duniya ba ta da gidan komawa, mijin aure ya guje ta, dangi sun juya baya, abin da ya rage mata shi ne wayar nan da mutanen da ke cikinta, sai ta ƙara zurfi.

Masu cewa hukuma ta kama su duka, su ma su yi tunani. Dokar laifukan intanet ta 2019 an sassauta ta a 2022, an cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, a Yuni 2024 anka maido da hukuncin gidan kaso, har da abin da anka kira yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Irin wagga jimla faɗi gare ta, yau ta kama mai rawa, gobe ta kama wanda ya yi bidiyo kan rashin ruwa a unguwarsu. A Kano a Nuwamba 2022 kotu ta sa anka yi ma wasu samari biyu ƴan TikTok bulala 20 kowanne da tara da sharar kotu, kuma ba tsiraici sunka yi ba, gwamna Ganduje sunka yi ma shaguɓe. Abin da Faransa ta yi ya fi kama hanya a ganina, ta bi kuɗin, ta ce a bayyana talla, ta ɗora alhaki har kan kamfanin da ya ba da tallar.

Kuma mutane ba suna sunka tsana ba. Sadio Mane ya fi duk ƴan TikTok ɗinmu kuɗi da suna in an haɗa su, amma da wuya ka ji an zage shi a fada, don an san ƙwallon da ya buga da ƙafarshi, an san makaranta da asibitin da ya gina a ƙauyensu Bambali. Tsohon sharaɗin nan ne dai, a ga abin da ka iya, a ga abin da ya dawo gida.

Wanda ban ji ana tausaya mai ba cikin duk hayaniyar nan shi ne yaron da ya iya da gaske. Akwai su a Bilbis da Fakawa da Sabon Gari, masu murya, masu rubuta wasan kwaikwayo, masu barkwancin da ba zagi ciki. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, don haka irinsu ƙaruwa za su yi. Kaset da CD sun mutu, waƙa kyauta ake tura ta, haƙƙin mallaka ba ya ciyar da kowa, konser a gidan matasa na MJC sai an samu mai ɗaukar nauyi. In ya ɗora aikin da ya kwana yana gyarawa mutum ɗari uku su kalla su wuce ba ko komanter, mu ɗin da ke kukan lalacewa ba mu partaje shi, ba mu sayi tikitinshi ba, a gida kuma ana ce mai ɗan iska tun da an riga an haɗa su duka an yi masu kuɗin goro. Yana gani da idonshi wanda ya zagi uwar wani ya samu kallo dubu ɗari biyar da tallar kamfani. Ƙofofin da sunka rage mai a buɗe su ne gidan ɗan siyasa, kod promo na caca, ko ya nemi wanda zai yi faɗa da shi a layif, kuma da yawansu kafin shekara ta zagayo sun shiga ɗaya daga ciki.